Hurumin da Ya Cika: Nazarin Lamarin Wata Tsohuwar Majami'ar Angilikan a Birnin Landan

## Wurin da asalinsa

Majami'ar da wannan nazari ya shafa, St Botolph ta Aldersgate, tana cikin tsohon birnin Landan, wato ɗan yankin nan mai faɗin kusan murabba'in mil 1 wanda Rumawa suka kewaye tsakiyarsa da ganuwa. An gina ta ne a bayan ganuwar, dab da ƙofar Aldersgate, inda matafiya masu nufin arewacin Ingila suke fita. Tana nan tun kafin ƙarshen ƙarni na 13, ta fara a ƙarƙashin ɗarikar Katolika kamar sauran majami'un ƙasar, sannan ta koma hannun Cocin Ingila, wato ɗarikar Angilikan, bayan da Sarki Henry na 8 ya raba gari da Fafaroma a 1534.

A tsarin wancan zamani an yanka birnin zuwa ƙananan gundumomi fiye da 100, kowace gunduma da majami'arta, da limaminta, da majalisar dattawanta, da kuma ɗan filin da ke kewaye da ginin inda ake binne matattu. Mai karatun da ya saba ganin maƙabarta a bayan gari zai so ya lura da wannan bambanci, domin a kansa lamarin gaba ɗaya ya ta'allaƙa: a can ana binne mutum ne a tsakiyar unguwarsa, tsakanin gidaje da shaguna. Dokar ƙasa ta ba duk mazaunin gunduma haƙƙin a binne shi a hurumin majami'arsa, majami'a kuwa ba ta da ikon ta ce wuri ya ƙare. A ɗaya ɓangaren, kuɗin da dangi suke biya na jana'iza da na kabari yana daga cikin abin da limami da mai kula da majami'a da mai haƙar kabari suke ci.

Hurumin wannan majami'a ba shi kaɗai ba ne a wurin. Wasu majami'u biyu da ke cikin ganuwa, waɗanda ba su da isasshen fili a jikinsu, sun mallaki nasu ƙananan maƙabartu a manne da shi. Maƙabartu uku ke nan a kan ƙasa guda, kowace da mai ita da iyakarta.

## 1665 zuwa 1666: annoba da gobara

Alamun cikowa sun riga wannan lokaci. A da, idan kabari ya daɗe, akan tone ƙasusuwan a tara su a wani ɗaki na musamman domin a sake amfani da ramin, amma wannan al'ada ta ja baya bayan sauyin ɗarika, kuma a 1549 aka rushe babban ɗakin ƙasusuwa na majami'ar St Paul aka kwashe abin da ke cikinsa a keken doki zuwa bayan gari. A 1569 hukumar birni ta buɗe sabuwar maƙabarta a kusa da Bishopsgate domin ta rage wa gundumomi nauyi, ita ma ta cika aka rufe ta a 1739.

Annobar 1665 ce ta fara nuna iyakar tsarin. Takardun mace-macen da ake bugawa mako-mako sun ƙirga mutum 68,596 da cutar ta kashe a Landan a wannan shekara, masana tarihi kuma suna ganin adadin gaskiya ya kusa 100,000. An haƙa manyan ramuka a bayan gari, amma gawawwaki masu yawa sun shiga hurumin gundumominsu ne kamar yadda aka saba.

A watan Satumba na 1666 gobara ta cinye gidaje kusan 13,200 da majami'u 87. Wutar ta iso har ƙofar Aldersgate, amma majami'armu ta tsira da 'yar ɓarna kaɗan. Maƙwabtanta biyu sun ƙone. Mai zanen gine-gine Christopher Wren ya sake gina ɗaya, ɗayar kuwa ba a sake tayar da ita ba, aka haɗe gundumarta da ta 'yar'uwarta. Duk da wannan haɗewa, maƙabartun nasu sun ci gaba da zama daban-daban, kowa yana kai nasa mamacin inda kakanninsa suke.

## Ƙarni na 18 zuwa 1830: dabarun cikin gida

Gundumomin birnin sun gwada hanyoyi da dama ba tare da sun taɓa tushen matsalar ba. Hanya ta farko ita ce a gajarta lokacin da ake barin kabari kafin a sake tona shi, ta yadda mai haƙa yakan tarar da akwatin da bai gama ruɓewa ba, ya fasa shi ya tura gefe. Ta biyu ita ce ramin talakawa, mai zurfi ƙwarai, wanda ake jera akwatuna a cikinsa ɗaya bisa ɗaya, a bar bakinsa rufe da katako har sai ya cika, abin da kan ɗauki makonni. Masu hali kuwa sukan sayi gurbi a ɗakunan ƙarƙashin majami'a, a ajiye su cikin akwatin dalma, jama'a na ibada a bisansu.

A hurumin da muke magana a kansa, dabarar da ta bar tabo har yau ita ce ta jibga ƙasa. Da ya zama babu inda za a sa shebur ba a taɓa gawa ba, sai aka koma ajiye akwati kusan a fuskar ƙasa a zubo masa ƙasa a kai. Shekara bisa shekara fili yana tashi. Da yake yawan mutanen gundumomin uku ba ɗaya ba ne, tashin ma bai zo daidai ba, har a ƙarni na 19 hurumin majami'armu ya ɗara ɗaya daga cikin maƙwabtansa biyu tudu da ƙafa 6, wato kusan mita 1.8, tsayin namiji cikakke.

A tsakiyar wannan hali ginin majami'ar kansa ya tsufa ya lalace, aka rushe shi aka tayar da sabo na bulo tsakanin 1788 da 1791 bisa zanen Nathaniel Wright. Ƙofar Aldersgate kuwa an riga an rushe ta tun 1761 domin a faɗaɗa hanya. An sami sabuwar majami'a, amma hurumi yana nan yadda yake, ba a ƙara masa ko taku ɗaya ba, alhali mutanen Landan sun kai kusan miliyan 1 a ƙidayar 1801, sun haura miliyan 2 a ta 1851.

## 1831 zuwa 1849: kwalara, 'yan kasuwa da masu tona asiri

Kwalara ta shiga Ingila a ƙarshen 1831, ta iso Landan a watan Fabrairu na 1832. Likitocin zamanin sun yi imani cewa cuta tana yaɗuwa ne ta gurɓatacciyar iska da ɗoyin ruɓaɓɓun abubuwa, don haka idanu suka koma kan maƙabartun cikin gari. Faransa ta riga ta bi wata hanya: an rufe babbar maƙabartar tsakiyar Faris a 1780, aka buɗe ta Père Lachaise a bayan gari a 1804. A Landan majalisar dokoki ta bar wa kamfanoni aikin. Aka buɗe Kensal Green a 1833, Norwood a 1837, Highgate a 1839, sannan Abney Park da Nunhead da Brompton a 1840, da Tower Hamlets a 1841. Maƙabartu bakwai ne masu faɗi da itatuwa da hanyoyi, waɗanda suka kewaye birnin.

Wannan gwaji bai sauƙaƙa wa hurumi irin namu ba sai kaɗan. Kamfani riba yake nema, kabarinsa da tsada, ga kuɗin keken doki zuwa wuri mai nisan mil da yawa, ga asarar yinin aiki ga masu rakiya. Attajirai suka tafi, talakawa suka zauna inda suke, kuma su ne masu yawa. Babu kuma wata doka da ta hana binnewa a cikin gari, saboda haka ba abin da ya tilasta wa kowa sauya hali.

A 1838 wani abu ya faru a hurumin wata majami'a ta Aldgate, a gabashin birnin, wanda ya girgiza jama'a. Mai haƙar kabari ya sauka cikin ramin talakawa mai zurfin kusan ƙafa 20, iskar ramin ta shaƙe shi ya mutu, wani saurayi ya shiga domin ya ceto shi, shi ma bai fito da rai ba. Shekara guda bayan haka wani likita mai suna George Alfred Walker, wanda yake duba marasa lafiya a unguwar Drury Lane, ya wallafa littafi da ya bi maƙabartun Landan ɗaya bayan ɗaya yana bayyana abin da ya gani da abin da ya shaƙa. Kwamitin majalisa ya saurari shaidu a 1842, a 1843 kuma Edwin Chadwick, jami'in gwamnati mai fafutukar tsaftar gari, ya fitar da rahotonsa a kan binne matattu a cikin garuruwa, wanda ya nuna cewa ana tura gawa kusan 50,000 kowace shekara cikin filayen da jimillarsu ta ɗan haura eka 200 kawai.

Rahoton ya fita, ba a yi doka ba. Malaman majami'u da yawa sun tsaya a kan cewa idan aka rufe hurumi sai a biya su diyyar kuɗin jana'izar da za su rasa, mabiya wasu ɗariku masu nasu maƙabartun suna tsoron a mayar da su ƙarƙashin Cocin Ingila, kamfanoni kuma suna kare jarinsu. Shekara biyar aka kwashe ana wannan ja-in-ja, har kwalara ta dawo a 1848 zuwa 1849 ta kashe mutum fiye da 14,000 a Landan.

## 1850 zuwa 1857: dokar da ta faɗi da wadda ta tsaya

Dokar farko ta zo a 1850, kuma tunanin Chadwick ne a cikinta. Ta ba Hukumar Lafiya ta ƙasa ikon ta rufe maƙabartun cikin gari, ta saye na kamfanoni, ta ɗauki nauyin jana'izar Landan gaba ɗaya a hannu guda. Baitulmali bai saki kuɗin da irin wannan aiki yake buƙata ba, gundumomi kuma sun ƙi jinin a ƙwace musu iko a kai wa wata hukuma ta tsakiya. Abin da aka iya saye shi ne maƙabartar Brompton kaɗai. Cikin shekara biyu aka soke dokar.

Wadda ta maye gurbinta a 1852 ta fi ta tawali'u. Ta ba gwamnati ikon ta rufe kowane hurumi a Landan da umarnin majalisar Sarauniya idan lafiyar jama'a ta buƙaci haka, sannan ta bar wa gundumomi damar su kafa nasu hukumomin binne matattu, su ci bashi bisa harajin gida, su sayi fili a bayan gari. Lord Palmerston, wanda ya riƙe ma'aikatar cikin gida daga ƙarshen 1852 zuwa 1855, ya yi amfani da wannan iko ba tare da jinkiri ba, kuma a cikin waɗannan shekaru ne aka daina binnewa a hurumin majami'un tsohon birni, har da ukun da ke bakin Aldersgate.

Sai kuma wurin da za a kai mamatan. Hukumar magudanun ruwa ta birnin, wadda take riƙe da harkar tsafta, ta sayi gona mai eka 200 a Little Ilford, gabas da Landan, injiniyanta William Haywood ya tsara ta, aka fara binnewa a 1856. Bishop bai tsarkake filin ba sai a watan Nuwamba na 1857, bayan wata sabuwar doka ta warware matsalolin shari'a da suka tsayar da shi. Tun a watan Nuwamba na 1854 kuma wani kamfani ya buɗe maƙabartar Brookwood a Surrey, yana kwasar akwatuna da masu makoki a jirgin ƙasa daga kusa da tashar Waterloo. Wata doka ta 1857 kuma ta tanadi cewa tone gawar da aka binne ba tare da izinin hukuma ba laifi ne.

## 1858 zuwa 1880: filin da ba shi da aiki

Rufe hurumi ya haifi matsala ta biyu wadda dokokin ba su tanadi maganinta ba. Fili ya daina kawo kuɗi, amma yana buƙatar shinge da shara da gyara. Ba za a iya binnewa a cikinsa ba, ba kuma za a iya tone shi yadda aka ga dama ba. A sassan Landan da yawa irin waɗannan filaye sun zama juji da matattarar maguna, duwatsun kaburbura sun karkace, ciyawa ta rufe su. Wasu kuwa sun faɗa hannun masu gini da kamfanonin jirgin ƙasa, kamar yadda aka ratsa hurumin tsohuwar majami'ar St Pancras da layin dogo a 1866. Mazauna tsohon birnin ma sun fara watsewa zuwa sababbin unguwanni, ofisoshi da rumbunan kaya suna maye gurbin gidaje: daga mutum fiye da 120,000 a 1851, waɗanda suke kwana a cikinsa sun ragu zuwa kusan 27,000 a 1901. Wata doka ta 1860 ta ba da damar a haɗe gundumomi a rushe majami'un da ba su da jama'a, a kwashe ƙasusuwan da ke ƙarƙashinsu zuwa Ilford ko Brookwood, an kuwa rushe da dama.

Dattawan majami'armu sun zaɓi wata hanya dabam, kuma da wuri. A ƙarshen 1858 suka ba da sanarwa cewa za su share hurumin su mayar da shi wurin hutawar jama'a, suka ba dangin waɗanda aka binne dama su kwashe mamatansu ko duwatsun kaburbura da kuɗin aljihunsu. Sauran gawawwakin an bar su inda suke, a ƙarƙashin ƙasar da aka jibga. Shawara ta yanku, amma aikin ya yi tafiyar hawainiya, ba a buɗe lambun ga jama'a ba sai ranar 28 ga Oktoba 1880, shekara 22 bayan sanarwar.

## 1880 zuwa 1900: lambu, rigimar fili da bangon tunawa

A wannan karon yanayi ya taimaka. Masu fafutukar samar wa talakawan gari wurin shan iska, irin su Octavia Hill, sun riga sun sa ido a kan rufaffun maƙabartu. Wata doka ta 1881 ta sauƙaƙa miƙa su ga hukumomi domin a yi lambu, a 1882 aka kafa ƙungiyar lambunan jama'a ta Landan ƙarƙashin Lord Brabazon, a 1884 kuma aka yi dokar da ta hana yin gini a kan maƙabartar da aka daina amfani da ita, sai dai in faɗaɗa majami'a za a yi. Da wannan doka ƙimar irin wannan fili a idon mai gini ta faɗi.

Tsakanin 1887 da 1890 aka haɗe maƙabartun maƙwabta biyu da lambun. Bambancin tsayin da ƙarni biyu na binnewa suka haifar ya zama aikin injiniya: tun da ba za a iya rage tudun ba tare da an taɓa gawa ba, sai aka cike ƙananan filayen da ƙasa har suka yi daidai da babban. A lokacin babbar hedikwatar gidan waya ta ƙasa tana manne da wurin, ma'aikatanta suka mayar da lambun wurin cin abincin rana, har jama'a suka laƙaba masa sunan masu raba wasiƙa, wato Postman's Park.

Akwai sauran wani siririn yanki a gefen arewa, a bakin titin Little Britain, wanda a da gidajen gunduma ne. Wata doka ta 1883 ta tattara dukiyoyin sadaka na gundumomin birnin ta miƙa su ga gidauniya guda, wadda ta fara aiki a 1891, kuma wannan yanki ya faɗa hannunta. Amintattun gidauniyar suna ganin wajibinsu ne su samo wa dukiyar mafi yawan riba, wato su ba da filin a yi gini, abin da zai tare wa lambun haske da iska. Aka daɗe ana jayayya, daga bisani aka daidaita cewa majami'a za ta saye shi a kan dubban fam, kuɗin da ba ta da shi.

A nan ne limamin majami'ar ya tuna da wata shawara da mai zane George Frederic Watts ya bayar a jaridar The Times a 1887, cewa a gina abin tunawa da talakawan da suka rasa rayukansu wajen ceton wasu. Ba wanda ya karɓi shawarar a lokacin. Limamin ya ba shi gurbi a lambun, da fatan sunan Watts zai jawo hankalin masu ba da gudummawa. Watts ya biya kuɗin ginin rumfa mai tsawon ƙafa 50 a jikin bango, da gurbin alluna 120 na fentin tangaram. An haɗa kuɗin filin, aka buɗe rumfar da faɗaɗɗen lambun ranar 30 ga Yuli 1900, Magajin Garin Landan da Bishop Mandell Creighton suna wurin. Alluna 4 ne kawai a bangon a ranar, Watts kuwa, mai shekara 83, rashin lafiya ta hana shi zuwa.

## Bayan 1900

Watts ya rasu a 1904, matarsa Mary ta ci gaba da aikin na ɗan lokaci. Cikin allunan akwai na Alice Ayres, wadda a 1885 ta ceci yara uku daga gidan da ke ci da wuta a Southwark, ta rasu sakamakon faɗowar da ta yi. Zuwa 1931 alluna sun kai 53, sai aka tsaya, ba a ƙara ba sai a 2009, lokacin da aka kafa na 54 domin wani mutum da ya nutse yana ceton yaro a wata ginanniyar hanyar ruwa. Fiye da rabin bangon har yanzu fili ne.

Bama-baman daren 29 ga Disamba 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sun cinye maƙwabciyar da Wren ya gina, majami'armu kuwa ta sake tsira. Bayan wata doka ta 1952, ta fita daga sahun majami'un gunduma, ta shiga cikin waɗanda aikinsu ya karkata ga ma'aikatan da suke wuni a birnin. Hukumar birnin Landan ce take kula da lambun a yau.

## Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Dabarun cikin gida sun kasa ne domin majami'a tana tsakanin wajibi biyu da ba za ta iya sauke ko ɗaya ba: doka ta ce ta karɓi kowace gawa, abincin ma'aikatanta kuma yana cikin karɓar. Maƙabartun kamfanoni sun samar da wuri ba tare da hani ba, sai masu kuɗi kaɗai suka amfana. Dokar 1850 ta zo da hani da tsari mai faɗi, amma ba kuɗi, ba kuma yardar waɗanda za a karɓe wa iko. Ta 1852 ta yi nasara saboda ta raba aikin gida biyu: gwamnati ta riƙe ikon rufewa, wanda ba ya cin kuɗi, ta bar wa hukumomin gari saye da gudanar da sabon fili, wanda suke da harajin yinsa.

Hujjar lafiyar da aka kafa a kai ba daidai take ba. Kwalara ta ruwan sha take bi, kamar yadda likita John Snow ya nuna a kan famfon Broad Street a 1854, kuma magudanun da injiniya Joseph Bazalgette ya gina ne suka fi taimakawa wajen kawar da ita daga Landan. Duk da haka rufewar tana da amfaninta, ko don rijiyoyin da ke kusa da kaburbura da kuma mutuncin mamatan da ake fasa wa akwati.

A ganin mai wannan nazari, matsala ta biyu ta fi ta farko wuyar warwarewa, lissafin shekaru ma ya nuna haka: daga rahoton Chadwick zuwa rufe hurumin kusan shekara 10 ne, daga sanarwar 1858 zuwa kammaluwar lambun kuwa shekara 42. Niyyar dattawan ita kaɗai ba ta isa ba. Sai da dokar 1884 ta kori masu gini daga tsohon hurumin, sai da ma'aikatan gidan waya suka ba shi jama'ar da za ta ji zafin rasa shi, yankin da gidauniya ta riƙe kuwa sai da aka saye shi da tsabar kuɗi. Gawawwakin da suka tayar da ƙasar ba a kwashe mafi yawansu ba. Wasu daga cikin duwatsun kaburburansu suna jere a gefen lambun, mai shigowa daga titi kuma zai ga lambun ya fi titin tudu.